Idan rediyo ya mutu kana sama: yadda za ka sauka a Heipang, filin jirgin saman Jos

Abin da nake fara gaya wa duk ɗalibin da ya hau kujerar hagu kusa da ni shi ne, injin ƙaramin jirgi irin Cessna 172 ba ruwansa da rediyo. Wutar fulogoginsa daga maganeto take zuwa, wata 'yar na'ura da injin kansa ke juyawa ta samar da wutar, ba daga batir ba, don haka ko wutar jirgin ta ɗauke gaba ɗaya farfela ba za ta tsaya ba. Abin da ke jefa matuƙi cikin haɗari shi ne ya duƙufa yana murɗe-murɗen maɓallai, jirgi na karkacewa bai ankara ba. Ka daidaita jirginka tukuna, ka san inda kake da man da ya rage maka, sannan ka waiwayi rediyon.

Galibi abin bai taka kara ya karya ba. Ko an rage murya, ko wayar abin kunne ta zare daga raminta, ko lamba ɗaya ta kuskure a mitar hasumiyar masu ba jirage umarni, ko maɓallin magana ya maƙale. Koma mitar da ka baro, gwada rediyo na biyu, gwada 121.5 ta neman agaji. In fiyus ne ya fito, ka mayar da shi sau ɗaya tak. Ya sake fitowa, ka ƙyale shi. Ka kuma dubi allurar caji. Idan ta nuna batir na zuƙewa, to altaneta, na'urar da ke cajin batir, ita ce ta mutu, sai ka kashe duk abin da ba dole ba, domin filaf ɗin wannan jirgi, wato sashen bayan fukafuki da ake saukarwa lokacin sauka, da lantarki yake sauka, kuma za ka so a bar masa ɗan abin da zai ci.

Duk ka gwada shiru? Sa 7600, lambar da ke nuna rediyo ya mutu, a taransfonda, na'urar da ke aika lambar jirginka ga masu kula da zirga-zirgar jirage. Ka natsu wajen danna ta, domin 7500 cewa take an yi fashin jirgi, kuma ba irin tarbar da kake so a yi maka a ƙasa ba ce. Kada ka daina magana. Sau da yawa kai ne ba ka ji, masu hasumiya suna jin ka sarai. Faɗi ko kai wane ne, inda kake, tsayinka da abin da za ka yi, ka sanar cewa ba ka jin amsa, ka maimaita saƙon sau biyu. Wayar hannu ma tana ceto, in ka adana lambar hasumiya tun kafin ka tashi.

Ka nisanci gajimare. Hadarin yamma a damina kan tsaunin Filato ba ya sallama, hazon Disamba da Janairu kuma yana iya shafe maka filin har sai ka zo kansa. Idan Heipang ta rufe kuma mai ya isa, Bauchi na nan. Ni dai ba zan kai kaina Abuja babu rediyo ba sai in babu makawa, saboda cunkoson manyan jirage.

Filin Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tudu mai tsayin ƙafa 4,232 daga teku, titinsa 10/28. Da'irar sauka ƙafa 1,000 ce sama da fili, wato wajen 5,200 a ma'aunin tsayinka. Wanda ya saba da filin Zariya, wanda bai kai wannan tudu ba, ya riƙe wannan lissafi da kyau, kada lambobin can su biyo shi. Fara ratsa saman filin daga sama da wannan tsayi, ka ga inda jakar iska ta nuna da titin da sauran jirage ke amfani da shi. Kunna fitilar sauka ko da rana ce, ka shiga da'irar yadda kowa ke tsammani, juyi ta hagu sai in littafin AIP na bayanan filayen jirgi da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ke fitarwa ya ce akasin haka. Babu yanke, babu gwaninta. Mai kula da hasumiya yana kawar da wasu daga hanyarka ne bisa hasashen inda za ka bi.

Daga nan idonka kan gilashin hasumiya, domin da fitila za su yi maka magana. Kore tsayayye, an ba ka izinin sauka. Kore mai ƙyaftawa, dawo ka shirya, izini na tafe. Wannan shi ke ruɗa ɗalibai, ba izini ba ne tukuna. Ja tsayayye, ka ba wa wani jirgi hanya ka ci gaba da kewayawa. Ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kada ka sauka. Fari mai ƙyaftawa, a nan za ka sauka ka wuce wurin ajiye jirage, amma shi ma sai koren ya biyo baya. Da rana ka amsa da kaɗa fukafukai, da dare ka ƙyafta fitilar sauka sau biyu. Kada ka kaɗa fukafukai a juyin ƙarshe ko kana gangarowa titi, ba wanda ke jiran haka daga gare ka a can. Hasken ba shi da ƙarfi a tsakar rana, kana iya wuce shi ba ka lura ba. In ba ka ga komai ba kuma kana da mai, sake zagaye. In mai ya yi ƙasa, koma 7700, lambar gaggawa, tabbatar titi fayau yake, ka sauka.

Iskar Jos ba ta da kauri. Ma'aunin gudunka zai nuna abin da ka saba gani, amma a zahiri gudunka ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, har fiye in ana zafi. Ƙasa za ta riƙa wucewa da sauri, zuciyarka ta ce ka ja hanci sama. Kada ka biye mata, bi ma'auni. Titin kusan mita 3,000 ne, ko filaf ya ƙi sauka ya ishe ka har da saura.

Ka taɓa ƙasa, fice daga titi a mafita ta farko da ta yi maka daidai, ka tsaya inda kake ganin hasumiya. Kore mai ƙyaftawa yanzu ci gaba da tafiya yake nufi, ja tsayayye tsaya cak. Ka amsa da motsa jelar jirgi. Kana kashe inji ka kira su a waya ka yi bayani, ka rubuta matsalar a littafin jirgin, kuma kada ya sake tashi sai injiniya ya duba ya sa hannu.