Yadda ake gwada jan ƙarfe wajen juya iskar kabon dayoksaid ta zama sinadarai masu amfani

Tun 1985 Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan ya nuna cewa jan ƙarfe ya fita daban wajen juya kabon dayoksaid da wutar lantarki. Zinariya da azurfa iyakarsu kabon monoksaid. Shi kuwa jan ƙarfe yana riƙe kabon monoksaid ɗin daidai gwargwado, ba ya sakinta da wuri, ba ya kuma ƙanƙame ta, har a samu mitan, etilin da etanol.

Fara da wanke farantin jan ƙarfen. Ka tsoma shi cikin asid ɗin fosforik, ka sakar masa lantarki har fuskarsa ta yi sumul tana ƙyalli, sannan ka ɗauraye da tataccen ruwa. Kada yatsanka ya sake taɓa shi. A ganina nan ne aka fi yin sakaci, domin ɗan ɓurɓushin baƙin ƙarfe, ko daga gishirin potasiyam baikabonet ko daga kwalbar gwajin, yana hawa kan farantin, sai ka ga haidirojin ce kawai ke fitowa. Ita ce kishiyar wannan aiki, wutar da ka tanada wa kabon ita take sha.

Sai ka haɗa ruwan potasiyam baikabonet mai ƙarfin mola 0.1, ka zuba a kwalba mai ɗaki biyu da aka raba da fatar Nafion, wata siririyar roba mai barin ƙwayoyi masu caji su ratsa. Ka busa iskar kabon dayoksaid a ɗakin da jan ƙarfen yake na kamar minti 30, ka bar ta tana shiga har ƙarshen gwajin.

Daidaita wutar kusa da bolt −1.0 a ma'aunin RHE, wato ma'aunin ƙarfin wuta da ake kwatantawa da na haidirojin. Idan ta gaza, haidirojin da kabon monoksaid za su rinjaya. Idan ta zarce, mitan yakan danne etilin.

Iskar da ta fito ka kai ta na'urar GC mai tantance nau'o'in iska, ruwan kuma na'urar NMR mai gano sinadaran da ke cikinsa. Wajen lissafi ka tuna kowace ƙwayar mitan tana cin ilektaron 8, etilin 12. Jimillar kason wutar da kowane sinadari ya ci ya kamata ta kusanci 100 cikin 100. In ta tsaya can ƙasa, duba mahaɗar bututunka, wataƙila iska na zurarewa.

Kabon dayoksaid ba ta narkewa sosai a ruwa, don haka mai son wuta mai yawa sai ya fesa garin jan ƙarfen a kan takardar kabon mai ƙofofi, iskar ta riƙa ratsowa ta bayanta.