Yadda ɗan wasan daɓe zai daidaita sharuɗɗan aikinsa a ƙaramar ƙungiya a Gadarif da Kasala

Wasan kwaikwayo a Sudan yana da tsohon gida a Omdurman, inda aka buɗe babban ɗakin wasan daɓe na ƙasa a 1959, aka kuma kafa cibiyar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo a birnin Khartum a 1969. Amma yawancin yaranmu Hausawa da ke hawa dandamali a Gadarif da Kasala da Madani da Mai Wurno ba su taɓa taka waɗannan wurare ba. Suna aiki ne a ƙananan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda ake kira firƙa, inda mutum ɗaya shi ne darakta, shi ne marubuci, shi ne kuma mai riƙe da kuɗi. A irin waɗannan ƙungiyoyi da wuya a sami niƙaba, wato ƙungiyar ƙwadago, da za ta tsaya wa ɗan wasa idan an danne masa haƙƙi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ofisoshin da ake kai ƙara ma sun tarwatse a wurare da dama. Saboda haka abin da ɗan wasa ya daidaita da bakinsa kafin ranar bita ta farko, shi ne kaɗai abin da zai kare shi.

Abu na farko da za ka tabbatar shi ne irin biyan da za a yi maka, domin iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Ko dai a yanka maka ƙayyadadden kuɗi a kowane wasa, ko kuma a ba ka kaso daga kuɗin ƙofa. Idan kaso ne, sai ka tambaya ko daga jimillar abin da aka tara za a cire shi, ko kuwa sai bayan an fitar da kuɗin hayar kujeru da lasifika da man janareta da motar kaya. A nan ne na taɓa ƙonewa. Wata ƙungiya ta ɗauke ni wasa na dare 6 a kan alkawarin kaso, filin kuwa yana cika har yara na hawa katanga. Daren ƙarshe shugaban ya zauna a kan angarib, wato gadon igiya, ya buɗe littafinsa a ƙarƙashin fitilar waya, ya yi ta karanta abin da aka kashe, har da shayin baƙin da ban taɓa gani ba. Abin da ya miƙo mini bai kai kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, da na biya a makonnin bita ba. Ban iya cewa uffan ba, domin ban tambaya tun farko ba. Shawarata ita ce ka fifita ƙayyadadden kuɗi ko da kaɗan ne, idan kuma dole sai kaso, to a lissafa abubuwan da za a cire tun kafin wasa, a kuma naɗa ɗan wasa ɗaya ya zauna a bakin ƙofa tare da mai sayar da tikiti.

Na san abin da ke hana mu yin wannan magana. Daraktan yakan kasance yayan abokinka ne, ko malamin da ya koya maka tsayuwa a gaban jama'a, sai ka ga kamar ambaton kuɗi rashin kunya ne. Akwai hanyar faɗa cikin ladabi. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar la'asar, ka ce: "Ustaz, Allah ya ƙara girma, na ji daɗin rawar da ka ba ni, amma ina so mu tsayar da maganar haƙƙi tun yanzu, don kada ta shiga tsakaninmu daga baya." Darakta mai gaskiya zai ce, "Ƙanena, ka kyauta da ka faɗa," ya zauna ku yi lissafi. Wanda ya ɓata rai ya ce sai an gama a gani, ya riga ya nuna maka yadda ƙarshen zai kasance.

Bita, wadda ake kira burofa a nan, aiki ce, ko da yake kusan babu ƙaramar ƙungiyar da ke biyan kuɗinta. Wasan awa ɗaya yana iya cin mako 4 ko 5 na bita, kuma kowane yammacin da ka yi a can ka rufe shagonka ne ko ka bar sana'arka. Idan ba za a biya ladan ranar ba, to aƙalla a ɗauki nauyin kuɗin mota da abinci, ko da farantin ful ne, wato dafaffen wake, da burodi, a kuma tsayar da lokacin farawa da na tashi. Wanda ke fita aikin yankan riɗi a watan Oktoba ko girbin dawa bayansa ya faɗa tun wuri, don kada a sa ranar wasa a tsakiyar kakar aikinsa, sa'an nan a ce shi ya karya alkawari. Haka kuma idan kai ne ke mayar da rubutun wasan daga Larabci zuwa Hausa, wannan aiki ne na daban da ladansa daban.

Wasannin wayar da kai suna cikin waɗanda ke kawo kuɗi, musamman tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a watan Agusta na 2024, wadda ta addabi Kasala da Gadarif. Ƙungiyoyin agaji kan ba firƙa kwangilar yin wasa a makarantun da aka tsugunar da 'yan gudun hijira, kuma irin wannan kwangila tana da kasafi a rubuce, da layin da aka ware wa 'yan wasa. Kana da damar neman ganin wannan layi. Kada kuma ka sa hannu a takardar karɓar kuɗi wadda ba a rubuta adadi a kanta ba, ko wadda adadin ya bambanta da abin da ya shigo hannunka, domin wannan takarda ce za a kai wa masu bayar da tallafin a matsayin shaidar an biya ka.

Lokacin biya yana da nauyi daidai da adadin. Darajar fam ɗin Sudan tana faɗuwa da sauri, har kuɗin da aka yi alkawari a farkon damina ba zai sayi abin da zai saya a lokacin ba idan aka jinkirta shi zuwa kaka. Ka nemi rabi kafin wasan farko, sauran kuma a daren wasan ƙarshe. Idan ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum, za a turo, hakan ma ya fi, domin saƙon shigar kuɗi shaida ce mai kwanan wata.

Dokar Ƙwadago ta 1997 ta ƙayyade aikin awa 48 a mako, ta kuma ce kwantiragin da ya wuce wata 3 dole a rubuta shi, sai dai ta ware ma'aikatan wucin gadi daga kariyarta, kuma a wannan rukuni ake jefa yawancin 'yan wasa. Don haka kada ka jira doka. Ku rubuta abin da kuka daidaita a takarda ɗaya, da Larabci ko da Hausa, ku sa hannu a gaban shaidu 2, ɗaya daga cikinsu dattijon unguwa wanda daraktan ke jin nauyinsa. Idan takarda ta gagara, saƙon murya a WhatsApp wanda daraktan ya amsa da bakinsa ya fi babu nesa ba kusa ba.

'Yan wasa mata suna da sharuɗɗan da bai kamata a bar su ga sa'a ba. A tanadi ɗaki ko labulen sauya kaya mai tsaro, a gama bita kafin magariba ko a kai kowace har ƙofar gidansu, kuma idan tafiya ce ta kwana a wani gari, a sanar da iyaye ko miji sunan macen da za ta raka su da gidan da za su sauka. Na ga 'yan wasa mata masu hazaƙa sun daina fitowa saboda dare ɗaya da aka bar su suna neman raksha su kaɗai.

Dandamalinmu sau da yawa tebura ne aka haɗa ko alluna a kan ganguna, ga wayar janareta kwance a ƙasa. Ka taka kowane allo da ƙafarka kafin jama'a su taru, ka kuma tsayar da wanda zai biya asibiti idan an ji rauni. Sa'an nan a yi maganar bidiyo, domin wasan da aka ɗauka da waya aka ɗora a YouTube ko TikTok yana ci gaba da yawo bayan an biya ka ladan dare ɗaya. A amince tun farko ko za a ɗora, a shafin wa, da kuma rabon abin da ya shigo.

Inda 'yan wasan firƙa suka kai 8 ko 10, su kafa sanduƙ, wato adashen da muka sani, su riƙa zuba wani abu daga ladan kowane wasa a hannun wanda ba darakta ba. Daga nan za a ɗauki kuɗin magani idan wani ya kwanta, ko kuɗin motar komawa gida idan an soke wasa a garin da ba nasu ba, kuma a karanta lissafinsa a gaban kowa bayan kowane wasa.