Kafin Ka Biya Kuɗin Babur A Kumasi

Ni in zan sayi babur na hannu, ba na gwada shi da zafin inji. Ina zuwa da sassafe, in taɓa salansa. In da ɗumi, na san mai shi ya riga ya tayar da shi, kuma ƙila akwai abin da yake rufewa. In da sanyi, sai ka buga da kanka, ka duba hayaƙi. In ya yi shuɗi-shuɗi, injin na shan baƙin mai.

Sa hular kwano, ka ɗauki goyo. Ni ƙanena nake ɗauka, ƙato ne. Babur yakan yi ta fankama a kan shimfiɗaɗɗen titi, amma ɗora masa mutum biyu ka nufi tudu, nan za ka ji bambancin girman inji tsakanin mai cc 125 da mai 150. In ka murɗa totur ƙara ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba, kulochi ya cinye.

Daga nan ka shiga lungunan unguwar Aboabo masu gargada, ka bar ƙugunka ya yi hukunci. A jikina dai, dogon sirdin babur ƙirar Boxer ya fi daɗi, ƙirar Haojue da na hau kuwa ya fi saurin juyuwa a cunkoson kasuwar Kejetia. Sassauta riƙon kai kaɗan. In yana jan ka gefe guda, ƙila ya taɓa shan ƙasa.

Gwada birkin gaba daban, na baya daban. Sannan ka kai wa bakanikenka a Suame Magazine, unguwar makanikai, ku haɗa lambar jikin babur da takardun DVLA, hukumar rajistar ababen hawa.