Yadda ake amfani da man kwakwa a girki da gyaran gashi, da yadda ake ajiye shi

Idan hunturu ya shigo kika tarar da man kwakwarki ya daskare ya yi fari fat kamar kitse, kada ki zubar. Halinsa ke nan: da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 sai ya daskare, da bazara ya koma ruwa. Ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, nan da nan zai narke.

Da farko ki san wanda kika sayo. Wanda ba a tace ba yana da ƙanshin kwakwa, amma yana fara hayaƙi a wajen digiri 177, don haka ba na suyar ƙosai ba ne. Ki soya albasa da shi a wuta kaɗan, ko ki zuba cokali ɗaya a dafa-duka dab da saukewa. Tatacce ba shi da ƙanshi, amma ya fi jure wuta. Ni dai ba zan bar man gyaɗa saboda shi ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ƙara kwalastarol, wato maiƙon da ke cikin jini, kuma a 2017 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta gargaɗi mutane kan yawan cinsa.

A gashi ne ya fi nuna kansa, domin yana ratsa silin gashi ya rage karyewa. Bayan kin tsefe kitso, ki raba gashin gida huɗu. Ki lakaci kamar rabin ƙaramin cokali, ki murza a tafin hannu har ya narke, ki shafa daga tsakiyar gashi zuwa baki, inda ya fi bushewa. Ki ɗaura ɗankwali, ki bar shi awa ɗaya ko ya kwana, sannan ki wanke da shamfu. Kada ki lafta a fatar kai, musamman mai amosani, kuma ki kiyaye goshi, yana kawo wa wasu ƙuraje.

Wajen ajiya, ki raba shi biyu tun ranar da kika sayo: na kicin daban, na kai daban, don kada yatsa ya shiga na girki. Kwalbar gilashi mai murfi ta fi, a cikin kabad, nesa da murhu da rana. Ba sai an sa a firij ba. Cokali busasshe kawai za ki riƙa sawa, domin ɗigon ruwa na iya jawo funfuna. Idan ya koma rawaya, ko ya fara warin tsami, ko kika ga baƙin ɗigo a gindin kwalbar, ki zubar da shi.