Yadda Ake Kallon Tsuntsayen Ruwa a Bakin Kogin Kaduna

Ka isa bakin kogi, kamar wurin shaƙatawa na Gamji a cikin garin Kaduna, da ƙarfe 6:30 na safe, lokacin da zalɓe da balbela ke kiwo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya ja baya, ga kuma baƙin tsuntsaye daga Turai suna tsince-tsince a kan yashi.

Madubin hangen nesa 8x42, wato mai ƙara girman abu ninki 8, faɗin gilashinsa na gaba milimita 42, ya wadatar. Wanda ya wuce ninki 10 yana ƙara rawar hannu, hoton ya ƙi tsayawa. Ka ba rana baya, in ba haka ba baƙar inuwa kawai za ka gani. Farar riga tana korar tsuntsayen. Zauna minti 20 ba motsi, za su matso da kansu.

Ƙurar hunturu kuwa, hure ta kafin ka goge gilashin, don tana karce shi.