Kurakuran da ke ƙona amfilifaya tun kafin ta yi waƙar farko

Amfilifayar da na fara haɗawa, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ba ta kai minti uku da rai ba. Ina jona ta da wuta lasifika ta yi wani irin gunji, sai wari, sai hayaƙi, tiransista huɗu suka tafi a lokaci guda. Na yi kwanaki ina ɗora wa zanen da na bi laifi, alhali zanen lafiyarsa ƙalau. Garaje ne kawai ya ci kuɗina.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne jona sabon haɗi kai tsaye da wutar gida. Maganinsa bai kai kuɗin tiransista ɗaya ba: ka sami kwan fitila mai wat 60 ko 100, irin na dā mai zare a ciki, ka yanke waya ɗaya daga cikin masu shiga tiransifoma ka sa shi a tsakani. In ka kunna ya yi haske sannan ya dushe, kwandansa ne, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suka cika, haka ake so. In ya tsaya da haskensa tar, akwai inda wuta ta haɗu, sai ka kashe ka bincika. Kwan zamani mara cin wuta ba ya wannan aikin. Kuma kada ka sa lasifika tukuna. Ka ɗora mita a bakin fita, inda ake jona lasifika, ka ga tsayayyar wutar (DC) da ke wurin ba ta wuce milibolt 50 ba. In ka ga bolt 40, da lasifikar na jone da tuni ta gasu.

Sai zafi, wanda shi ne babban makashin amfilifaya. Tiransista tana da wani mugun hali: duk digiri ɗaya da zafinta ya ƙaru, ƙarfin wutar da take buƙata ta buɗe yana raguwa da kusan milibolt 2. Sai ta ƙara jan wuta, ta ƙara zafi, ta sake jan wuta, har ta kashe kanta. Shi ya sa ake sa wata 'yar ƙaramar tiransista mai saita bayas, wato 'yar wutar da manyan tiransistocin ke ja ko babu sauti, aikinta ta ji zafin manyan ta rage musu wuta. Da yawa sukan bar ta can a kan allo tana shan iska, don ya fi sauƙin lika dalma. To wane irin gadi za ta yi daga nesa? Dole ta manne da ƙarfen sanyaya, kusa da manyan. Wajen saitawa ka fara daga ƙasa, ka auna a kan rezistan emita, wato wanda ke jone da ƙafar babbar tiransista da ake kira emita: in mai om 0.22 ne, milibolt 11 na nufin kusan miliyamfa 50 ke wucewa. Ka bar ta kamar minti ashirin ta ɗumama, ka sake aunawa, don lambar takan motsa.

Ƙarfen sanyayar ma ana yi masa rowa. Wanda ya zana da'irar a ɗaki mai sanyi bai san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba, inda ma'auni ke haura digiri 40. Ka ɗauki goran-ruwa wanda ya fi na zanen girma, ka ƙara fanka. Bayan tiransistar kuma ƙarfe ne da ke haɗe da kolekta, ɗaya daga ƙafafunta uku, don haka in ka ɗaure ta ba tare da takardar maika mai hana wuta wucewa a tsakani ba, ka haɗa wutar sama (+) da ta ƙasa (−) ke nan ta jikin ƙarfen. Farin man da ake shafawa ɗan kaɗan ake so, ba kamar ana yaɓe ba. In ka gama ɗaure noti ka auna da mita ka tabbata bayan tiransistar da ƙarfen ba su taɓa juna.

Jabun kaya kuwa sai dai a yi haƙuri a buɗe ido. Tagwayen tiransistar da aka fi amfani da su, 2SC5200 da 2SA1943 na kamfanin Toshiba, na asali suna ɗaukar bolt 230 da amfa 15, kuma saboda farin jininsu ne ake yawan kwaikwayonsu. Ni dai in na sayi da yawa nakan sadaukar da ɗaya in fasa ta da filaya. Ta jabu za ka tarar da ƙwayar cikinta 'yar firit, kamar ƙwayar gero a faranti. Arha ba ta ado a nan. Wat 150 da ke cikin takardarta kuma zafin da za ta iya jurewa ne in jikinta na kan digiri 25, ba ƙarfin sautin da za ta bayar ba.

Lissafin tiransifoma ma yana kayar da mutane. Mai 35-0-35, wato bolt 35 a kowane ɓangare, in ta bi ta dayod masu mai da ita tsayayyar wuta da kwandansa takan koma kusan bolt 49 kowane ɓangare, don ana ninkawa da 1.4. Ka sa kwandansa mai bolt 50, ranar da wuta ta zo da ƙarfi ko janareto ya yi tsalle, sai ka ji fashewa. Mai 63 za ka saya, kuma ka lura da juyin ƙafafun na ɓangaren ƙasa. Wannan wutar abin da za ta ba ka a lasifika mai om 8 bai wuce wat 120 da ɗan wani abu ba, ko da an rubuta 1000 a jikin allon. Kwandansan nan kuma suna riƙe wuta bayan an kashe. Ka sauke ta da rezista kafin ka sa hannu.

In amfilifayar tana gurnani, yawanci wayoyin ƙasa, wato na graun, ne aka warwatsa. Ka tara su wuri guda kusa da mahaɗar manyan kwandansa biyu, ka nisanta wayar shigar sauti daga tiransifoma.

Akwai kuma wadda ke tsallake duk waɗannan sai ta mutu a gidan biki. Ana ta cewa a ƙara lasifika, ana ƙarawa. Biyu masu om 8 da aka jona gefe da gefe a kan wayoyi guda sun koma 4, huɗu sun koma 2, kuma tagwaye ɗaya ba za su ɗauki wannan nauyin ba. In om 4 kake nufi da wutar bolt 49, ka sa aƙalla tagwaye biyu, kowace tiransista da nata rezistan emita, ka ƙara fis a kan wayoyin wuta biyun da rile, wato makunni mai aiki da kansa, mai cire lasifika in tsayayyar wuta ta ɓullo a bakin fita.