Kurakuran da masu kiwo a Kano suka fi yi wajen yaƙi da ƙuma

A lungunan cikin birni, da wuya ka shiga gidan da babu akurki ko akuya a turke, ga kyanwa tana zagaye. Shi ya sa ƙuma ba baƙuwa ba ce, amma yawanci ba a san kanta ba.

Wasu suna haɗa ta da kaska. Kaska mai ƙafa takwas ce, dangin gizo-gizo. Ƙuma kuwa ƙwaro ce mai ƙafa shida, ba fiffike, jikinta a matse ta gefe don ta ratsa gashi. Masana sun sa ta a rukunin Siphonaptera, mai nau'i kusan 2,500. Ƙwarƙwata da kuɗin cizo rarrafe suke yi. Wadda ta yi tsalle ta ɓace maka, ita ce ƙuma.

Babban kuskure shi ne a wanke dabba a ce an gama. Wadda kake gani a jiki kaɗan ce daga cikinsu. Ƙwan ƙuma ba ya mannewa a gashi, zubowa yake yi ƙasa: makwancin akuya, ƙasan akurki, ƙarƙashin tabarma. Nan yake ƙyanƙyashewa ya zama 'yar tsutsa mai cin busasshen jinin da manyan suka kasayar. Daga nan ta naɗe kanta cikin wata saƙa da ƙura ke mannewa a jikinta, tana iya yin watanni a ciki, sai ta ji motsi ko ɗumin jiki ta fito. Feshi sau ɗaya ba ya taɓa ta. Sai a ce maganin jabu ne, alhali sababbi ne suka fito. A share, a ƙone sharar, a shanya tabarmi a rana, a maimaita bayan mako biyu, musamman da damina, lokacin da danshi ke raya tsutsar, don ba ta jure bushewa.

Shafa wa dabba fiya-fiya ganganci ne, guba ce gare ta da mai shafawar. Maganin kare mai sinadarin permethrin kuma yana kashe kyanwa. Tambayi likitan dabbobi.

Sai batun ɓera. Ƙumarsa, Xenopsylla cheopis, ita ke yaɗa annobar plague, wata cuta mai kisa da ke kama mutane. Idan ɓera ya mutu, ƙuma takan bar gawar ta nemi jinin da ya fi kusa, sau da yawa na yaran da ke kwance a ƙasa. A fara da ƙuma, sannan a kafa wa ɓera tarko.